Littafin Malama Hilda da Na Ƙunshe Ƙosai da Shi

Duk wanda ya taɓa sayen ƙosai a bakin kwalbatin Dubeli, kusa da famfon nan da ya shekara tara bai ɗiga ruwa ba, ya san ni. Goggo ake ce mini, har da tsofaffin da suka girme ni, wai don su rage wa kansu shekaru. Amma ba labarina zan ba ku ba. Labarin maƙwabciyata ne, Malama Hilda, da yadda wasu manya biyu masu furfura suka kusa cinye mata aikin shekara goma sha ɗaya da yaji. Ɗaya mijinta ne. Ɗayar kuma ni ce, ba na kuma son a riƙa tuna mini.

Hilda ta zo Jimeta tana 'yar shekara goma sha huɗu, lokacin ana ce wa jihar nan Gongola. A bayan motar busasshen kifi aka sauke ta, daga wani ƙauye can wajen Numan, shekarar da kogin Binuwai ya cika ya share musu gari. Zani ɗaya, ƙafa ba takalmi, Hausarta kuma ba ta wuce "sannu" da "ban sani ba". Yayar uwarta, mai sayar da abinci a bakin tasha, ita ta karɓe ta, ta kuma yi mata maraba da tulin kwanuka. Tun lokacin na san ta, domin wurina take zuwa ɗibar garwashi da safe. Yarinya siririya kamar sillen kara, ba ta dariya, in ka tambaye ta mutanen gida sai ta kalli ƙasa. An dai ce tana da ƙane, ruwa ya tafi da shi. Iyakar abin da unguwa ta sani ke nan har kusan shekara arba'in. Mijin da ta aura ma bai fi mu sani ba.

Tana da shekara goma sha shida ta sa kanta a makaranta, aji huɗu na firamare, cikin yaran da ba su kai ta kafaɗa ba. "Maman aji" suke kiranta, suna ja mata siket. Ta wanke kwano da asuba, ta tafi aji, ta dawo ta ɗauki tiren abinci ta bi direbobi. Haka ta lallaɓa har kwalejin malamai, ta fito, aka ba ta ƙaramar sakandare, ta yi kusan shekara talatin tana shaƙar alli.

Mijinta Absalom, wanda muke kira Baban Jerry, akawu ne a ma'aikata da ya hau har mataimakin darakta. Mutum ne mai goge hankici da dutsen guga, mai ɗaura laktaye in zai je sayen kananzir. Ba ya sha, ba ya duka, ba ya fashin coci. Matsalarsa ke nan. Ni na binne miji biyu na kori ɗaya, na san abin da nake faɗa: namijin da ya fi wuyar sha'ani shi ne wanda ba ya yin laifin da za ki iya kai ƙara.

Wata rana ta zo karɓar ƙosan 'ya'yanta na ga tawada a yatsunta ranar Asabar, na ce, "Malama, yau ma jarrabawa?"

Ta ce, "Goggo, labari nake rubutawa."

"Na soyayya? A wannan shekarun? Baban Jerry ya sani?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Yaran da nake koya wa, 'yan sha uku zuwa sha biyar, ba wanda ya rubuta musu komai. Littafin da ke makaranta, yaro ne yana wasa da ƙanƙara a ƙasar Turawa. Wanda suke ɓoyewa a jaka kuma, attajiri ya ga yarinya ya saya mata mota. To ina labarin wadda ta wanke kwano saba'in kafin ta zo aji, ta yi gyangyaɗi in zane ta?"

Na ce, "To ki daina zane ta mana."

Ta ce, "Na daina. Shi ya sa nake rubutu."

Da Hausa take rubutawa, domin ta ce ɗan Bachama da ɗan Chamba da Bafulatani, in za su zagi juna a filin makaranta, da Hausa suke yi, ita ce tasu su duka.

Yanzu ku saurara da kyau, nan ne igiyar ta tsinke. Wanda ya tashi cikin rashi ba ya iya ganin farar takarda a bola. Ƙarshen kowace shekara yara kan watsar da littattafan rubutunsu a aji, rabi an cika, rabi fari fat. Hilda sai ta tsince su, ta yage inda aka yi rubutu, ta yi nata a sauran. Mace mai albashi, amma ba ta taɓa saya wa kanta sabon littafi ba, wai almubazzaranci ne. Saboda haka bangon yana nan da sunan mai shi: Nata'ala Bobboyi, aji biyu, Lissafi. Ga shi kuma hali zanen dutse, in ta gama shafi sai ta ɗauki jan biro ta bi kanta da gyara kamar ɗalibi, har da rubuta "a sake" a gefe. Littafi goma sha ɗaya ta cika haka, ta sa wa kowanne lamba a ciki, ta jera su a kwali ƙarƙashin gado, kusa da tsofaffin takardun jarrabawa.

Mu kuma a Dubeli muna da tsari tun kafin a san leda. Kowane gidan malami yana da mai ƙosansa ko mai gyaɗarsa. In zango ya ƙare, tsofaffin takardu su zo mana, mu kuma mu aika da ƙosai mai zafi. Leda tana sa ƙosai gumi, takarda kuwa shanye mai take yi ta bar shi garas. Ni ce ta gidan Hilda, kuma kullum ita take tantancewa da hannunta ta kawo.

A watan Disambar da nake ba ku labari, yayar uwar nan da ta riƙe ta ta rasu, Hilda ta tafi Numan biso, mako biyu. Baban Jerry kuwa bai daɗe da yin ritaya ba, kuma namiji mai fansho a gida ya fi ɓera ɓarna, domin ɓera ba ya cewa taimako yake yi. Ya ce zai yi wa ɗaki fenti kafin Kirsimeti, Madam ta dawo ta yi mamaki. Ta kuwa yi. Ya jawo kwali, ya duba bango ya ga sunan yara, ya buɗa ciki ya ga jan biro, shi ke nan bincike ya ƙare. Da kansa ya turo shi a baro har rumfata, da laktayensa.

"Goggo, ga kayanki. Na wannan shekara ya yi yawa."

Na sa masa albarka, na ƙara masa ƙosai biyar a kai. Allah ya yafe mini albarkar nan.

Na iya karatu, na yi yaƙi da jahilci har na fi malamin surutu. Amma wa yake karatu a bakin kasko? Hannu ɗaya matsami, ɗaya yana yagar takarda. Kwana biyar ina yi. Abin da na lura da shi kawai, 'yan matan sakandare da ke hutu sun yi mini yawa. Na ɗauka hannuna ne ya ƙara daɗi da tsufa. Akwai ɗaya, Jannat, 'yar shekara goma sha biyar, wadda suka zo unguwar nan da uwarta daga Mubi shekarar da aka gudo da ƙafa. Sau uku ta zo a safiya ɗaya, kuma kowane zuwa sai ta nuna da baki.

"Goggo, ki ƙunsa mini da waccan, mai jan biro."

Na ce, "Ke! Wane ɗan banza ne yake aiko miki wasiƙa ta hannuna? Ni za ku mayar gidan waya?"

Ta ce, "Wallahi Goggo labari ne. Na wata yarinya Edna, ruwa ya cinye garinsu, tana wanke-wanke a tasha, ana ce mata maman aji. Haɗawa muke yi, ni da su Nancy, kowa ta kawo nata. Amma har yanzu ba mu san abin da ya sami ƙanenta Zadok ba. Kullum ta ce za ta faɗa, sai takarda ta ƙare."

Na ɗaga takardar da ke hannuna na duba da kyau. Rubutun nan mai tsaye kamar soja, na san shi, shi ne a katin bikin da Hilda take aiko mini duk shekara.  Sannan na tuna shekaranjiya: itace ɗanye aka kawo mini, wuta ta ƙi kamawa, na zari littafi guda sukutum na cusa a murhu. Ya kuwa ci da kyau.

Na rufe kwalin. Huɗu suka rage lafiya. Na ce wa Jannat ta tara ƙawayenta, duk wadda ta yar da shafi ɗaya kada ta ƙara bin layin nan.

Hilda ta dawo ranar Alhamis. Da hantsi na hango ta, ankon biso bai ma bar jikinta ba. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Goggo, kwalin." Na miƙa. Ta zauna a benci ta fito da huɗun nan ta ɗora a cinya, tana shafa su kamar mai lallashin jariri. Sai ga Baban Jerry a bayanta, yana goge goshi da hankicin nan nasa mai kari.

"Mama Jerry, kuskure ne, kowa yana yi. Ai ba takardar fili ba ne, ba satifiket ba ne. Labarin yara ne fa. Zan saya miki sabon littafi dozin guda, ki zauna ki sake."

Labarin yara! Na ajiye matsami don kada in yi abin da za a kai ni ofishin 'yan sanda.

Na ce, "Baban Jerry, shekara ashirin da takwas kana kwana ɗaki ɗaya da mace, ba ka san rubutun hannunta ba? A ofis in masinja ya ɓatar da fayil ɗaya na sayen tsintsiya, takardar tuhuma kake ba shi, da hatimi. Matarka ta shekara goma sha ɗaya tana duƙe a kan tebur, kai kana zaton me take yi, tsintar shinkafa? Kaza ta kwana a kan dami ke nan!"

Ya ce, "Goggo, ke ma fa kin yaga."

"Na yaga, ban musa ba. Amma ni katanga ce tsakanina da ita. Kai kuwa matashin kai ne kawai tsakaninku."

Masu jiran ƙosai suka kwashe da dariya, ban da Hilda. Ta tashi da littattafanta ta shige gida.

Ni na yanke masa hukunci, tunda ba alƙalin da zai saurari ƙarar. Mataimakin darakta guda ya ɗauki fayil ya bi Dubeli gida gida yana sallama. "Don Allah, kun sayi ƙosai wajen Goggo a makon nan? Takardan yana nan?" Wasu suka ɗauka gwamnati ce ta aiko a duba tsabta, suka ɓoye tukwane. Wata ta ce akuyarta ta ci, in yana so ya jira. Ya tona bola da sanda, ya zaro shafi daga ƙarƙashin ƙafar tebur, ya karɓo wani a wurin mai shayi da ya rubuta lambar waya a bayansa. Su Jannat kuma suka kawo nasu cikin ledar burodi, sun jera su bi da bi, sun fi shi aiki nesa ba kusa ba.

Takardar da ta sha mai sai an cire mata. Na koya masa: ka sa shafi tsakanin tsofaffin jaridu biyu, ka bi da dutsen guga na gawayi, ba mai zafi can ba, jaridar ta tsotse man. Guga dai sana'arsa ce. Kwana tara yana yi a tsakar gida, gidan yana ƙamshin ƙosai da yaji. Kuma tunda ba ya iya jera shafi sai ya san abin da ke ciki, dole ta sa ya karanta. Abin da soyayya ba ta sa shi ba, man gyaɗa ya sa shi.

Da aka gama, littafi goma sun dawo, wasu da giɓi nan da can irin wanda mai shi za ta iya cikewa. Na bakwai ne babu ko ƙyalle. Na san inda yake. Na yi kwana biyu ina shawara da zuciyata ko in ɗora wa akuyar nan, sannan na yafa gyale na shiga gidan na faɗa mata gaskiya.

 Ta ce, "Na bakwai ne inda Edna ta faɗi abin da ya sami ƙanenta. Shafi ashirin da biyu, shekara uku na yi a kansu. Ba zan iya komawa cikin ruwan nan ba, Goggo. Sau ɗaya ma da kyar na fito." Ta ɗaure goman da tsumma ta sa a akwati, ta ce an gama.

Wata guda cur Hilda tana wucewa ta gabana ta ce "sannu da aiki" ta wuce. Da zagi ta yi mini da ya fi sauƙi, na san yadda ake rama zagi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutanen unguwa. Wannan ya ce ai Allah ya rufa asiri ba kuɗi ba ne. Waccan ta ce mace da jikoki me za ta yi da tatsuniya. Mutanen da 'ya'yansu suka riƙa lasar yaji a jikin takarda don su ga harafin da ke ƙasa!

Wata Asabar da safe Hilda ta fito za ta taron zumuntar mata, Baban Jerry na biye da ita kamar jela, domin tun da abin ya faru yake yawo da sabon littafin rubutu a hammata, ita kuma ta ƙi karɓa. 'Yan matan nan suna zaune a bencina. Jannat ta miƙe ta tare hanya, ta rusuna.

"Malama, don Allah me ya sami Zadok?"

Hilda ta ce, "Tambayi Goggo, ita ta soya ƙosai da shi."

Na haɗiye, na ci bashin wannan. Jannat kuwa ba ta matsa ba. Ta ce, "Malama, ranar da muka gudo daga Mubi, akwai abin da ya faru a hanya da kakata. Ni kaɗai na gani, ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Dada da ta haife ni. Jira nake in ga yadda Edna za ta faɗi nata."

Hilda ta tsaya cik. Can ta ce, a hankali, "Ba zan iya sake rubuta shi ba, 'yata."

"To ki faɗa, ni in rubuta."

Ban san Baban Jerry yana da saurin hannu ba sai ranar. Kafin a ce me, littafi da biro suna hannun yarinyar. Hilda ta dubi agogo, ta dubi hanyar coci, sannan ta zauna a bencina, gefen da ba ya rawa.

Ta fara da kwalekwale, mutum ya yi masa yawa, ruwa ya rufe gonaki har ba a gane inda kogi ya tsaya. Uban Edna ya ɗora hannun yaron a nata, ɗan shekara shida, ya ce riƙe shi. Kwalekwalen ya daki kan wata bishiya da ruwa ya shanye, ya kife. Hannu ɗaya ta kama reshe, ɗaya yana riƙe da yaron, ruwa yana ja. Daga nan ta manta da Edna. Ta ce, "Na riƙe shi har na daina jin yatsuna. Yana kiran sunana. Sai na ga hannuna a buɗe. Har yau ban sani ba, shi ya zame ko ni na saki."

Jannat tana rubutu tana share hanci da gefen hijabi. Ƙosaina ya ƙone ƙurmus a kasko.

Baban Jerry ya cire tabarau. Mutumin da ya goge littafi shida shafi shafi, ya ga tasha, ya ga kwanuka, ya ga maman aji, amma sai yanzu ya ce, "Mama Jerry, ashe Zadok ƙanenki ne?"

Ta ce, "Ba ka taɓa tambayata sunansa ba."

Na buɗe baki zan ƙara masa, sai na tuna ni ma shekara arba'in tana ɗibar garwashi da ƙosai a wurina ban tambaya ba. Na rufe bakina. A rubuta wannan, ba kullum yake faruwa ba.

Asabar uku suka yi kafin na bakwai ya cika. Shafi goma sha tara ya fito, ta ce ukun da suka rage wuta ta fi ta sanin darajarsu. A bangon, Baban Jerry ya rubuta sunanta da rubutunsa na ofis, har da jan layi biyu. Shi ne littafi na farko a duniya da ke ɗauke da sunan Hilda ba na ɗan wani ba.

An buga labarin gaba ɗaya a wani shagon kwamfuta kusa da kasuwa, aka yi hoto kwafi kaɗan. Ba a yi taron ƙaddamarwa ba, ba babban baƙo, ba mai yanka ƙyalle. Shugaban makarantarsu ya juya shi gaba da baya ya ce ba ya cikin manhaja. To, manhaja ta ci kanta. Kwafin suna yawo daga jaka zuwa jaka, har Damare na ji an kai ɗaya, ya dawo bango ya rabu da shi. Jannat kuma ta sayi nata littafin, sabo, da sunanta a kai. Ba ta nuna wa kowa ba tukuna, ba kuma wanda ya matsa mata.

Hilda ta ci gaba da kawo mini takardun ƙarshen zango da hannunta, sai dai yanzu tsayawa take a kaina har in duba. Ni ma ba na ƙunsa ƙosai sai na karanta takardar ciki da baya. Layi yana tsawo, mutane suna tsaki, jiya wani direba ya ce, "Goggo, jarrabawa za ki rubuta ne?" Na ce masa in yana sauri ga leda can, ya tafi da ƙosansa yana gumi.